Ranar da Yaya Ya Fara Kunna Rediyo

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin mai tsoron lalacewar abu kamarsa ba. Kare ko duhu ko ɓarawo, waɗannan ko a jikinsa. Abin da ke hana shi sukuni shi ne a ce wani abu nasa ya fashe, ko ya tsage, ko ya daina aiki. In ya sayi sabon takalmi sai ya shekara a kwali. In ka miƙa masa kofin gilashi da hannu biyu zai karɓa, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya dawo ya ƙara tura shi ciki. A layin kasuwar da yake da shago babu mai kiran sunansa, Lallaɓau suke ce masa, yana kuma amsawa ba tare da ya ji haushi ba. Ni ce auta, ni ce kuma mai baki a gidanmu, don haka na sha gaya masa cewa wata rana har numfashinsa sai ya ajiye don kada ya ƙare.

Shagon ɗan mitsitsi ne, tebur ɗaya da fitila da kujerar da ta lotsa daidai zamansa. Yana da gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa, da hantsaki, da ƙananan sukudireba da in ɗaya ya faɗi ƙasa sai an durƙusa ana lalube. Amma babban kayan aikinsa kunne ne. Ka kawo masa agogo, kafin ya buɗe sai ya kara shi a kunne ya lumshe ido, ya ce maka wannan ƙura ce, ko ya ce wannan an yar da shi ƙasa ba a faɗa ba. Bai cika yin kuskure ba. A gida kuwa falonsu cike yake da agogunan bango, waɗanda ya saya matattu ya raya su, da babban nan na mahaifinmu mai bugawa. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce ita ba a gidan miji take ba, a cikin cikin agogo take zaune. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne sai ƙas-ƙas ɗin bango.

Da aka sayar da filin mahaifinmu aka raba, ni na sayi keken ɗinki mai lantarki, don ni tela ce. Yaya ya haɗa rabonsa da duk abin da ya tara tun yana saurayi ya je ya sayo mota. Ƙarama ce, fara, sabuwa fil da ledojinta a kujeru. Ya ƙi ta hannu, wai bai san wahalar da ta sha a wurin wani ba. Kamfanin ya ba shi garantin shekara uku, duk abin da ya lalace a inji su gyara kyauta. Da muka tambaye shi ina za shi da mota, shi da shagonsa ke nan kusa, sai ya ce, “Ta ranar buƙata ce.”

Ni na ɗinka mata riga. Ya zo har shagona da awonta a kansa, ya ce a sa yadi mai laushi daga ciki don kada ya karce fenti. Na ɗinka ina dariya ina tsokanarsa, na ce ko in yi mata aljihu. Daga ranar muka sa mata suna 'Yar Lele. Kullum da safe zai yaye rigar, ya goge ta, ya tayar da ita ta ɗan yi gurnani, ya kashe, ya mayar da rigar, sannan ya kama hanyar shago a ƙasa. Ko biki ko gaisuwa a motar haya suke zuwa. In an matsa masa ƙwarai ya fito da ita, to keke ma wuce shi yake. Rediyonta kuwa ba a taɓa kunnawa ba, wai yana shan batir.

“Malam,” Anti takan ce masa, “ni dai in na mutu a sa ni a ciki ko sau ɗaya ne, in ji yadda take gudu.”

“Ki daina irin wannan wasan,” zai ce, fuskarsa ta canza. Ba ya son a ambaci mutuwa ko da raha.

Haka shekarun nan uku suka wuce motar na sanye da riga. Ba a jima da cikarsu ba ranar buƙatar ta zo, ta inda ba mu zata ba. Ƙafafun Anti suka fara kumbura, ta ɓoye su cikin zane har abin ya kai fuska. Likita ya ce ƙodojinta ne suka gaza, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Asibitin da ke da na'urar yana wani gari, tafiya ce mai nisa, kuma a tsakiya akwai wani dogon hawa da manyan motoci ke nishi a kansa. Kowane majinyaci da ranarsa da lokacinsa. In ka makara an ba wani gadon, sai ka jira a sake samo maka gurbi, jikinka kuwa ba ya jira. Ruwa ne zai yi ta taruwa har ya taɓa numfashi.

Yaya ya ninke rigar 'Yar Lele ya sa a but ɗin motar. Ni nake raka su, ina baya da filo da ledar magunguna, Anti a gaba an kwantar mata da kujera. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafa ido a titi, ba ya magana. Amma muna isa a kan lokaci, muna dawowa lafiya. Har na fara cewa a raina ashe Lallaɓau ya fi mu hangen nesa.

Wata safiya muna tsakiyar hanya sai na ga ya miƙa hannu ya kunna rediyo. Na yi shewa daga baya na ce, “Yau kuma? Yaya, batirin fa?”

“A ɗan ji labarai,” ya ce, bai waiwayo ba.

Anti ba ta ce komai ba, wanda ba halinta ba ne. Ta juya kai tana kallon taga. Tafiya ta gaba ya sake kunnawa, ya ƙara murya. Ta gaba ma haka, har sai da na riƙa ɗaga murya in ina tambayar Anti ko za ta sha magani. Na ga ƙeyarsa na gumi ko da sanyin safiya, na ɗauka damuwar ciwon ce. Ni da nake taƙama da lura, ban kawo komai a raina ba.

Ranar da abin ya faru mun kai rabin hawan nan. Mai labarai na ta zuba, sai wata ƙara ta taso daga gaba ta danne muryarsa, kwas-kwas-kwas, kamar ana dukan tukunya da ludayi. Jar fitila ta kama a gaban Yaya. Motar ta yi jijjiga, ta ja da ƙyar, sannan aka ji ƙum, komai ya ɗauke. Muka fara silalowa baya. Na ƙwalla salati, don a bayanmu wata babbar mota ce ke hawowa tana danna hon. Yaya ya take birki ya ja na hannu, babbar motar ta kauce ta wuce mu, iskarta ta girgiza mu. Hayaƙi mai warin ƙonannen mai ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin bonet.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa, sai wani ɗan ƙit. Rediyon kaɗai ke aiki, yana ta ba mu labarin farashin taki.

“Malam, ƙarfe nawa?” Anti ta tambaya a hankali.

Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin agogo ya kalli na hannunsa ya kasa faɗa. Na fita na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu. Motocin haya duk a cike suke wucewa, masu motocin kansu kuwa ba mai son tsayawa a kan hawa. Rana ta ɗaga, cikin motar ya zama tanda, Anti ba ta da damar shan ruwa fiye da ɗan kurɓi. Sai da rana ta take sannan wani mai motar ɗaukar buhunan siminti ya ji tausayinmu ya sa mu a gaba. Muka bar Yaya tsaye kusa da 'Yar Lele yana jiran janwen da zai ja ta. Da muka isa asibiti wani dattijo ne kwance a gadon Anti, an riga an jona shi. Nas ɗin ta ce wallahi ta jira iya jira, mu dawo jibi ta ga abin da za ta iya yi.

Kafin jibin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Fuskar Anti ta cika har idanunta suka shige. Ba ta iya kwanciya, sai a zaune an tara mata filo, tana jan numfashi guntu-guntu. In na danna ƙaurinta da yatsa sai ramin ya zauna. Na ji tsoro ƙwarai. Ina fita tsakar gida in yi kukana in wanke fuska in dawo ina yi mata wasa, ita kuma tana yi mini murmushin ƙarfin hali, kowa na yaudarar kowa. Ranar da aka samu gurbin, shatar mota muka ɗauka, abin da mai motar ya karɓa ya kusa cinikin Yaya na mako.

Washegari na raka shi kamfanin da ya sayar masa da motar, don na san in shi kaɗai ne gaisuwa kawai zai yi ya dawo. Wuri ne mai sanyi da ƙyalli, ga sababbin motoci a jere. Wani saurayi mai ladabi ya saurare mu har ƙarshe, ya duba kwamfutarsa, ya ce injin ya buga gaba ɗaya, sai dai sabo. Da ya faɗi kuɗin sai da na sa ya maimaita. Ko an haɗa shagon Yaya da nawa an sayar ba za su kai ba.

“Ɗana, akwai garanti ai,” Yaya ya ce.

“Ya ƙare, Baba. Watannin baya ya ƙare.”

“Amma ka duba tafiyar da ta yi. Ba ta je ko'ina ba. Shekara uku tana rufe, ko ruwan sama bai taɓa ta ba. Ni ban ci komai a garantin nan ba, yana nan yadda kuka ba ni.”

Saurayin ya sunkuyar da kai. “Na gani, Baba. Wallahi ban taɓa ganin mota mai tsabtar taka ba. Amma shi da kwanan wata yake tafiya, ko an hau ko ba a hau ba.”

Nan na buɗe baki na zazzage masa, na ce sun sayar wa bawan Allah ruɓaɓɓen inji sun zauna suna jiran lokaci ya cika. Ya bar ni na gama, ya ba ni haƙuri, ya kawo mana ruwan sanyi. Haushin da na ji ke nan, ko faɗan ma bai ba ni dama na yi yadda nake so ba. Yaya ya kama gefen mayafina ya ce, “Auta, taho mu tafi.”

Muka sa aka ja motar zuwa garejin Dogo, bakaniken bayan kasuwa, wanda Yaya ya sha gyara wa agogo. Ya sauke injin ya baje shi a kan buhu, ya nuna mana ƙarafan da suka cinye juna suka yi baƙi. Ya ce famfon da ke tura baƙin mai ne rarrauna tun asali, kuma irin wannan ba ya nuna kansa sai mota ta yi doguwar tafiya ta yi zafi sosai.

“Da ka more ta tun tana sabuwa, da a wata na farko za ta tona kanta, su canza maka kyauta,” ya ce. “Wannan tayarwar da kake mata da safe ka kashe, ko ɗumi ba ta yi.” Ya goge hannu da tsumma, ya dubi Yaya. “Amma Lallaɓau, tsakaninka da Allah, ba ta yi maka ƙara ba? Wannan ba ya zuwa shiru. Sai ya yi makonni yana ƙwanƙwasa ƙofa. Da a lokacin ka kawo ta, famfo kawai zan canza, wuni ɗaya ka ɗauki abarka.”

 Yaya ya tsura wa ƙarafan ido, leɓensa na motsi. A nan ne rediyon ya faɗo mini a rai. Mutumin da ke jin ƙura a cikin agogon hannu, a ce bai ji inji na ƙwanƙwasa ba?

Dogo ya ce akwai injin gwanjo da aka ciro daga wata motar da ta yi haɗari, irin nata ne, zai iya samo mana. Kuɗinsa bai kai na sabo ba, amma mu a wurinmu dutse ne. Ya kuma faɗa mana gaskiya, babu garanti ko na minti ɗaya. Zai iya shekaru, zai iya mako.

A tsakanin nan muka koma kai Anti a motar haya. Sai an jira ta cika, a matse ta a tsakanin mutane da kaya, ta sauka a galabaice kafin ma a fara wankin. Sau biyu muna isa da ƙyar, nas na tsaye a ƙofa tana duba agogo. Kowace safiyar tafiya da faɗuwar gaba nake tashi. Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ya zauna a shago da gilashi a ido ba ya ganin abin da ke gabansa.

Wata rana da la'asar na shiga gidan sai na ji wani iri, na rasa mene ne. Sai da na zauna sannan na gane shiru ne. Bangon falo babu komai sai ƙusoshi da tabon inda kowane agogo ya zauna, har da na mahaifinmu. Ya kira wani dillali ya kwashe su duka. Ni ma da safen na sayar da kekena mai lantarki na koma kan tsohon na ƙafa, ban gaya masa ba, kuɗin na ƙulle a jakata. Yana zaune a ƙasa kusa da kujerar Anti. A cikin shirun nan babu abin da ake ji sai numfashinta, yana fita da wani ɗan kurman sauti a ƙirji.

“Dama haka kike numfashi?” ya tambaye ta.

“An daɗe, Malam. Agogunanka ne ba su bari ka ji.”

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe sai ya ce, ba tare da ya kalli ɗayanmu ba, “Na ji ƙarar. Tun ranar farko na ji ta. Na ce in na kai ta gareji za su riƙe ta, ki rasa wanki. Kuma ina tsoron abin da za su ce mini. Sai na kunna rediyo.”

Na buɗe baki, don maganganu sun cika mini shi, amma Anti ta riga ni.

“Ni ma na ji,” ta ce. “A ƙarƙashin ƙafata take yi. Na san in na faɗa za ka mayar mata da riga ka ce ba za ta ƙara fita ba. Da ka kunna rediyon har godiya na yi maka a zuciyata.”

Suka kalli juna. Na haɗiye abin da zan faɗa, na ciro kuɗin na ajiye a gabansa, na shiga kicin na ɗora ruwan da ba wanda ya ce yana so.

Dogo ya ɗaura injin gwanjon. Muryarsa ba irin ta da ba ce, ya fi kauri, yana da ɗan rawa in an tsaya. Ranar da za mu fara gwada shi a doguwar hanya ranar wankin Anti ce, don ba mu da sauran abin ɗaukar shata. Na shiga baya da filona da ledar magunguna. Rigar 'Yar Lele na warware na mayar bargo, don ɗakin wankin sanyi gare shi, Anti ta lulluɓe ƙafafunta da ita. Yaya ya yi bisimilla ya murɗa makulli.

 A hanya, duk ramin da muka faɗa sai na kasa kunne, duk warin da ya shigo ta taga sai na shinshina ko namu ne. Da hawan nan ya bayyana daga nesa na ga gumi ya keto wa Yaya a ƙeya. Muka fara hawa. Injin ya canza murya, ya yi nauyi, kuma can ƙasa-ƙasa kamar akwai wani ɗan sauti, ko kuwa kunnena ne ke ƙirƙira, har yau ban sani ba. Muna dab da inda muka tsaya wancan karon, tabon baƙin man yana nan a kan kwalta, sai na ga hannunsa ya saki sitiyari ya nufi rediyo.

Anti ta fito da hannunta daga cikin bargon, kumburarre, da tabon allurai, ta kama nasa ta riƙe.

“Bar shi, Malam,” ta ce. “In zai yi magana mu ji shi tare.”

Ya mayar da hannun kan sitiyari, nata na bisa nasa. Ya karkata kai gefe kamar yadda yake yi in ya kara agogo a kunne, ya taka totur fiye da yadda na taɓa ganin ya taka. Mu uku muka yi tsit muna sauraro, ga sauran rabin hawan a gabanmu.